Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Akwatin Mace Rumbunta Ne

Makon jiya na yi alkawarin yau zan kawo labarin tashinmu daga gidan gado zuwa haya a Kurna. Ku yi haƙuri, ba shi zan kawo ba. Shekaranjiya ina gyaran ɗaki na ɗago wani tsohon ɗankwali daga ƙasan akwati, ƙamshin kafur ya buge ni, tun daga lokacin maganar zanin nan ta tsaya mini a maƙogwaro. Sai na amayar da ita tukuna.

Ranar da aka kawo lefena a 1999, mata sun cika tsakar gida suna ɗaga turame ɗaya bayan ɗaya, ana guɗa ana ƙirge. Inna, Allah ya jiƙanta, tana gefe a kan tabarma da goronta, ko kallon kayan ba ta yi ba. Sai da aka watse ta kira ni ta ce, "Ke 'yar nan, akwatin mace rumbunta ne. Ki ɗinka na sawa, ki ajiye na yunwa." Na ce to, a raina ina dariya. Ina da shekara goma sha takwas, me na sani game da rumbu? Kafin in yaye ta fari na kai wa tela kusan duka.

Shekaru ashirin da suka biyo baya ba su da wurin zama a labarin yau. Haihuwa shida, biyar na raye, alhamdulillahi.

Sai shekarar 2020. Duk wanda yake Kano ya san ranar 16 ga Afrilu aka sa dokar kulle saboda korona, azumi kuma ya kama bayan kamar mako guda. Malam, maigidana, ba shago ne da shi a Kantin Kwari ba, tebur ne a bakin layi, irin na fita a nemo a ci yau. Da aka rufe kasuwa, rufe tukunyarmu aka yi. Daga baya an riƙa sassautawa Litinin da Alhamis don a sayi abinci, to amma da me? Wajen goma ga azumi na karkaɗe buhun gero, abin da ya zubo bai cika gwangwani biyu ba. Malam yana zaune a bakin ƙofa da carbi, ba ya magana. Namijin da ba ya magana a irin wannan hali ya fi mai faɗa ban tausayi.

Da daddare, bayan yara sun kwanta, na sauko da akwatin. Na tarar rumbun nawa kusan wayam. Abu ɗaya mai daraja ya rage, sufa ta lefe, ruwan ganye da zanen fulawa manya, riga da zani da ɗankwali. A shekara ashirin ban sa ta fiye da sau biyar ba. Tana da tabo guda a haɓar zanin. Ranar sunan 'yar fari na tsaya a kan kaskon turaren wuta, garwashi ya yi tsalle ya huda shi kamar girman ƙwayar wake. Gwaggo ce ta yi mini ɗinkin hannu a wurin, ba ta sami zare mai kalar zanin ba ta sa ja. Ku riƙe jan zaren nan.

Washegari na aika autana ya kira Iya dillaliya. 'Yan yanzu da ke saye da sayarwa a waya ba su san aikin dillaliya ba. Iya ta shimfiɗa zanin a cinya, ta ɗaga shi ta hasken ƙofa, ta murza bakinsa da yatsu, ta sunsuna, ta juya rigar ta duba hammata da wuya. Duk wannan ba ta tambaye ni dalili ba, ko da ido. Ta ce kawai, "Kaya ya yi kyau, uwar ɗakina. Bari in kai a taya." Na ce, "Iya, don Allah ki kai shi nesa." Ta ce in Allah ya yarda. Bayan kwana biyu ta dawo, an taya dubu shida. Na ce albarka, hannuna na rawa, don ko dubu huɗu aka ce a ranar ina iya karɓa. Ta sake dawowa da dubu takwas, na sallama. Ta cire la'adarta, ta ƙirga mini sauran a tafin hannu. Ranar Alhamis na aika aka auno gero da sukari da man gyaɗa da ɗan wake. Da Malam ya ga kunu da ƙosai a buɗe-baki ya dube ni, na ce adashi na kwasa. Wane adashi a cikin kulle? Shi ma ya sani, ya dai sha kununsa.

Ban ga laifin Iya ba, har gobe. Babu adaidaita a titi, tsohuwa da ƙafa take bin lunguna tana kauce wa jami'an tsaro, ina za ta kai shi? Nesanta bai wuce unguwa biyu ba.

Bayan kusan shekara aka yi suna a gidan Hajiya, matar autansu Malam ta haihu. Ina tsugune ina zuba waina a kwanuka sai na hango zanina ya shigo gida a jikin wata baiwar Allah, 'yar uwar maƙwabta. Na sunkuyar da kai na ci gaba da aikina, na ce a raina atamfa ai ba don mutum ɗaya aka buga ta ba. Ashe Yaya ma ta gani. Facalata nake nufi, matar babban wansu. Ta yafito matar, ta kama haɓar zanin kamar mai yabawa, ta ɗaga murya yadda har na cikin ɗaka za su ji: "Maman yara, zo ki ga ikon Allah. Wannan ba irin sufarki ba ce ta lefe? La ila, har da jan zaren Gwaggo!" Tsakar gida ta yi tsit. Baiwar Allahn nan ta rasa inda za ta sa kanta. Da Yaya ta tsaya nan da na haɗiye. Sai ta ƙara da cewa, "Ai da kin yi magana da an taimaka. Ba mu san ƙanin namu ya gaza har haka ba."

Ya gaza. Wannan kalmar ce ban yafe ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ni ta so ta muzanta, amma mijina ta tuɓe a gaban matan ƙannensa. Kuma wane taimako? A cikin azumin nan gaba ɗaya ko kwanon gero bai ƙetaro daga gidansu ba, alhali buhunan shinkafa jibge suke a sito, ni na gani da idona.

Magana ta kai kunnen Malam kafin isha'i. Ya shigo ya ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?" Ni kuma zuciya ta ɗebe ni na ce, "Da me kake tsammani muka sha ruwa?" Wannan ita ce maganar da na fi nadama a zaman aurenmu. Bai amsa ba, ya ɗauki butarsa ya fita. Ya yi kwana uku ba ya haɗa ido da ni.

Inna ta ce rumbu. Ba ta ce abin kunya ba ne a buɗe shi. Manomin da ya ɗebi hatsi a rumbunsa da bazara wa yake yi wa dariya? Na yi ta juya wannan a raina, daga ƙarshe na ce tunda an riga an tona, bari in yi abin a fili. Na fara da ankon biki da suka taru mini, waɗanda aka sa sau ɗaya aka jefa a akwati. Nan na koyi darasin farko, anko ba ya sayuwa a kusa, don duk unguwa an san bikin wa aka yi da shi. Zani ya fi siket saurin tafiya, saboda zani ba ya zaɓen ƙugu. Rigar da tela ya matse sai a yi wata ana yawo da ita. Kayan yara kuwa, in sallah ta matso, ko kwana ba sa yi. Sai ƙawaye suka fara kawo nasu a ɓoye cikin baƙar leda, ƙarƙashin hijabi. In wanke, in sa sitati, shadda in aika wa masu bugu, in turara, babbar 'yata ta ɗauki hoto ta ɗora a WhatsApp.

Mutane na haɗa mu da 'yan gwanjo, alhali ba ɗaya ba ne. Gwanjo na Ƙofar Wambai a dila yake zuwa daga ƙasashen waje, galibi ta Kwatano, ba ka san wanda ya sa ba, ba ruwanka. Namu kwance ne, na gida, mai shi wataƙila kun haɗa sahu a masallacin Idi. Shi ya sa masu saye suke da tambayar da ba a yi wa ɗan gwanjo: "Mai shi tana raye?" Akwai wadda ta dawo mini da leshi bayan kwana biyu wai ta yi mummunan mafarki. Na karɓa na mayar mata da kuɗinta, washegari wata ta saya da ƙarin ɗari biyar.

Af, na manta ban faɗa ba, a ranar lefen ma Yaya tana cikin masu ɗaga turame. Ita ta kawo akwatunan tare da Gwaggo. Ita ta ɗaga sufar nan ta ce, "Wannan ni na zaɓo." Ashe tun ranar take riƙe da lissafin akwatina.

A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace aka koma tiransifa da layin POS, Iya ta shiga uku. Ba ta da asusun banki, wayarta ma ƙarama ce. Sai ta riƙa kawo ƙunshinta wurina, a tura kuɗi ta asusun 'yata, mu raba la'ada. Haka muka ci gaba har bayan kuɗi sun dawo hannu. Sai ga cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, motocin hayar babban wa suka fara kwana a gida.

Wata Laraba da damina Iya ta kwance ƙunshi a ɗakina, sai ga leshi mai ruwan zuma da duwatsu a wuya. Duk danginmu ba wanda bai san leshin nan ba, da shi Yaya ta yi walimar dawowa daga Umara. Na dubi Iya. Ta kawar da kai ta ce, "Ni dai ba a tambayata mai kaya, uwar ɗakina. An ce a kai nesa."

Kwana uku yana ɗakina. Akwai bikin 'yar Gwaggo a ƙarshen watan, kuma ina da kuɗin sayensa. Har na sa shi na tsaya gaban madubi, na gwada yadda zan shiga gidan Hajiya, na tsara gaisuwar da zan yi mata. Babbar 'yata ta shigo ta gan ni ta ce, "Mama, ya yi miki yawa a kafaɗa." Ƙarya take, ya zauna mini ɗas. Na cire na ninke.

Wata mata a Hotoro ta saya, dubu ashirin da biyu. Na cire la'adata cif, ko naira ban rage ba, na ba Iya sauran ta kai. Har yau in mun haɗu da Yaya a sabga sai ta dubi ledar hannuna ta ce, "'Yan kasuwa, yau kuma kwancen wa aka samo?" Ni kuma in ce, "Na masu rufin asiri, Yaya." Ban san ko ta gane ba. Malam ma ban gaya masa ba, sai dai in a nan zai gani.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar tashinmu zuwa Kurna, da yadda aka raba gidan gado aka bar mu da ɗakin da ke yoyo.