Yadda muke ɓoye man kanumfari a cikin garin saikulodestirin

Duk mai sana'ar ƙamshi a Jidda ya san zafin garin nan ba ya barin mai ya daɗe. A ɗiga man kanumfari ko na na'ana'a a kan auduga, kafin mako ya zagayo ƙamshin ya gudu, abin da ya rage kuma ya soma sauya wari. Shi ya sa a ɗan shagonmu muke haɗa shi da saikulodestirin kafin mu ƙunsa wa 'yan uwa mata na sakawa a akwatin kaya da cikin takalmi.

Saikulodestirin farin gari ne da ake samu daga sitaci. Kowace ƙwayarsa, wadda ido ba ya iya gani, zobe ce mai rami: bayanta na son ruwa, cikinta na son mai. Iri uku ne, alfa, beta da gama, masu ƙwayar sukari 6, 7 da 8. Mu beta muke saye, wanda ake rubuta wa E459, don ya fi arha, kuma raminsa ya yi daidai da ƙwayar kanumfari da na'ana'a.

A awo ake yawan yin kuskure. Rami ɗaya ƙwaya ɗaya yake ɗauka, saboda haka giram 100 na garin, ko a lissafin takarda, abin da zai ɗauka bai wuce giram 14 na man kanumfari ba. Mu a 10 muke tsayawa. Wanda ya yi zari ya zuba 20, rarar a bayan garin za ta kwanta, ta yi ƙamshi mai ƙarfi kwana biyu, sannan ta lalace ta ɓata sauran.

Ana kwaɓa giram 100 ɗin da ruwa kamar mililita 50, ya yi kauri kamar ƙullun ƙosai. Ba narkar da shi ake so ba. Ai lita guda ta ruwan da ba a ɗumama ba giram 18 da ɗoriya kawai take narkarwa. Sai a riƙa ɗiga man kaɗan-kaɗan ana murzawa a turmin tangaran, minti 45 ba gajiyawa. Hannu zai ji kwaɓin yana ƙara tauri, sheƙin mai yana ɓacewa. A shimfiɗa shi fele-fele a faranti, ya bushe a inuwa, zafin kada ya haura digiri 40. Shanya a rana asara ce. Daga nan a daka, a tankaɗe.

Gwajinsa ba wuya: a danna ɗan kaɗan a kan farar takarda. In ya bar tabon mai, bai shiga ba. Mai kyau ƙamshinsa a bushe sama-sama ne, sai an barbaɗa shi a ruwan ɗumi ya taso.

Wannan ɗabi'ar ce ke ba mu wahala a bakin teku. Danshi ke sakin ƙamshin, Jidda kuwa danshi ba ya yanke mata, don haka ranar da aka tankaɗe ake zubawa a kwalba mai murfin roba ko ledar alminiyam a liƙe. Na masu tafiya Makka da Madina ya fi daɗewa bayan an buɗe, iskar can a bushe take.