Tarihin Rayuwata (9): Tashinmu Daga Sawakin

A makon jiya na tsaya inda Baffa ya kama hannuna ya damƙa ni ga nahuda, wato shugaban jirgin ruwa, a bakin ruwan Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Sudan. Abin da ban faɗa ba shi ne tun kafin in taka jirgin ya riga ya karɓe ladan aikina na tafiyar gaba ɗaya, ya zuba a aljihu. 'Ya'yansa suna karanta wannan, na sani. Su karanta.

Shekarar 1964 ce, da zafi, watanni kaɗan kafin a tumɓuke Janar Abbud, shugaban Sudan na lokacin. Jirginmu sambuk ne na katako, babu inji, an loda masa buhunan dawa za a kai Masawa, daga nan sai Adan in iska ta yarda. Mu bakwai ne a ciki, ni kaɗai ne Bahaushe, ni ne kuma ƙarami. Don haka kwashe ruwan da ke tsattsafowa ta ƙasan jirgi da gwangwani, wanke tukunya, hura wuta a cikin akwatin yashi, duk nawa ne.

Daren da zan bar Maiwurno a bakin Nilu, Iya ta ce da ni, "Ɗan nan, ruwa ba sa'an kwando ba ne." Ban tanka ba. Ita da aka goyo daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi a 1903, har ta bar duniya ba ta yarda da ruwan da ya wuce Nilu ba, shi ma daga gaɓa take gaishe shi. Maganarta ta dawo mini tun ba mu gama fita daga mashigin Sawakin ba, gidajen nan na dutsen murjani da suka fara zubewa suna bayanmu, ni kuwa na rungume gefen jirgi ina ta amai. Wani dattijo Bahadandawi, ɗan ƙabilar Hadandawa ta gabashin Sudan, ya tura mini busasshen lemun tsami ya ce in tsotsa. Bai yi dariya ba. Sauran sun yi.

Wanda bai san Bahar Maliya ba yana zaton dare da rana ake tafiya. Ina! Tsakanin gaɓa da duwatsun murjani muke bi, kuma ido ne kaɗai ke raba mu da halaka. Mutum guda zai hau can saman itacen shira'i, wato sandar da ke riƙe da tanfol ɗin da iska ke turawa, yana duban launin ruwa: shuɗi mai duhu a wuce, kore a yi hattara, in ya koma ruwan ƙasa to dutse ne dab da ciki. Da rana ta karkata haske ya fara kashe ido, sai nahuda ya nemi lungu a jefa anga, a kwana. Iskar arewa ce ke tura mu kudu a wannan lokaci na shekara. Daura da Tokar kuwa wata iska ta taso daga tudu da jar ƙura, ta rufe mu har ba ka ganin na kusa da kai, shinkafar ranar da yashi muka tauna ta.

Ruwan sha a duro yake, nahuda da kansa ke aunawa da kofi. Na taɓa wanke fuska da shi, marin da na sha har yau in na tuna kunnena na ƙara. Shekaru bayan haka, ina da shagona a Bur Sudan, wannan nahudan ya zo ya tsufa yana neman bashin sukari, na ba shi ban rubuta ba. Shi ya mare ni a kan gaskiya. Baffa fa? Ko da na dawo bai ce mini sannu ba, sai tambaya ya yi ko na zo da tsaraba.

Alƙibla ma ta rikita ni. Kullum muka ƙara kudu sai liman ɗinmu, wato mai tuƙi, ya ƙara karkata hagu, har muka koma muna fuskantar arewa sosai. Na ce a raina da Iya ta ga wannan salla sai ta ce a sake.

Kwandon dai bai nutse ba, Iya. Kafin mu wuce Aƙiƙ na iya ɗaurin igiya, na daina amai, har an fara barina in hau sama duban ruwa. A can ne na hango kwalekwalen da ya jawo mana rigimar da ta tsare mu a Masawa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.