Masu kula da zaure, ku daina canza dokar gasa bayan an gama aiki

A zauren Facebook na masu gyaran hoto da nake ciki ana shirya gasa lokaci-lokaci. Admin zai ba da jigo, ya ɗora hoto guda, kowa ya ɗauka ya sarrafa shi gwargwadon basirarsa. Ina son wannan gasa ƙwarai, don a cikinta na koyi mafi yawan abin da na iya. Sai dai yadda ake tafiyar da ita ya fara fita min a rai.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne dokar da ake ƙirƙira bayan mutum ya riga ya miƙa aikinsa. An taɓa ba mu jigon "birni a ƙarƙashin ruwa". Na zauna na yanke wata gada daga wani hoto, igiya bayan igiya, na rage jan launi saboda ja ne ke fara ɓacewa idan aka nutsa cikin ruwa, na sa inuwar kowane kifi ta faɗi gefen da hasken ya nuna. Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya san yadda ido ke yaji kafin a gama. Da gari ya waye sai na tarar an goge hoton. Ba saƙo, ba bayani. Sai da na matsa aka ce wai ba a yarda a haɗa da hoton waje ba. To a ina aka rubuta? Babu inda aka rubuta. Kuma wanda ya ci gasar da ta gabata hotunan waje ya haɗa, aka yi ta yaba masa.

Sai batun zaɓen gwani da yawan layik. Wanda ya ɗora da wuri ya fi daɗewa a idon jama'a, mai abokai da yawa kuma sai ya gayyato su su danna masa. Ga shi Facebook yana matse hoto idan an ɗora, don haka a fuskar waya ba za ka bambance yankan da aka yi da haƙuri da wanda aka yi a gaggauce ba.

Tun da kamfanin Adobe ya shigo da Generative Fill, wato hanyar sa ƙirƙirarriyar basira (AI) ta haɗa hoto daga rubutu, cikin manhajarsa ta gyaran hoto Photoshop a 2023, lamarin ya ƙara dagulewa. Yanzu mutum zai rubuta jimla ɗaya, cikin daƙiƙoƙi ya samu abin da wani ya kwana yana haɗawa. Ni ba na ƙyamar ƙirƙirarriyar basira, ina amfani da ita a wasu ayyukan. Amma ko manyan alƙalai tana rikita su. A shekarar ce Boris Eldagsen, ɗan Jamus, ya ci kyauta a gasar Sony World Photography Awards da hoton da na'ura ta ƙirƙira, sannan ya ƙi karɓa. Ina kuma ga admin da ke duba hotuna a waya yana cikin wata hidimar? Maganin ba wuya gare shi ba: a raba rukuni biyu, na aikin hannu da na ƙirƙirarriyar basira, kuma duk wanda ya kai zagayen ƙarshe ya turo fayil ɗinsa na asali, PSD idan da Photoshop ya yi ko XCF idan da manhajar GIMP ya yi, a ga leyoyin aikin, wato sassan da aka jera aka haɗa hoton, ɗaya bayan ɗaya. Hoton da ake zargin na sata ne kuwa, manhajojin binciken hoto irin su Google Lens ko TinEye kan tona asirinsa.

Na san masu kula da zaure ba biyan su ake yi ba, lokacinsu suke sadaukarwa, kuma suna shan zagi daga waɗanda suka faɗi. Ina girmama hakan. Amma mu ma lokacinmu muke bayarwa.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne sababbi. Akwai wata da ke aiki da Photopea, manhajar gyaran hoto ta kyauta, saboda ba ta da halin biyan kuɗin Photoshop, hannunta yana kyau sosai. Aka goge mata aiki ba tare da ko kalma ɗaya ba, tun daga ranar ba ta sake ɗora komai ba. Na rubuta wa admin cewa ba zan shiga gasa ta gaba ba sai an maƙala dokoki a saman zaure kafin a buɗe, an faɗi ranar rufewa da sunayen alƙalai, kuma an nemi wannan baiwar Allah an ba ta haƙuri.