Auna kyakkyawan fata a wurin masu hawan jini: tambaya ta 3 ce ta kayar da ni

Har yanzu in na tuna raina yakan ɓaci. Aikin shi ne a duba ko masu kyakkyawan fata cikin masu hawan jini sun fi saura jure damuwa da riƙe shan magani. Akwai dalilin zaton haka: tun 1989 masanin halayyar ɗan Adam Scheier da abokan aikinsa suka gano a Amurka cewa masu kyakkyawan fata sun fi saurin murmurewa bayan tiyatar zuciya.

Ma'aunin LOT-R na 1994 na ɗauka don auna kyakkyawan fata, da PSS-10 don auna damuwa. LOT-R tambayoyi 10 ne, amma 6 ake lissafawa, ta 2, 5, 6 da 8 cike gurbi ne kawai. Kowace amsa maki 0 zuwa 4, jimla ba ta wuce 24. Ta 3, 7 da 9 na mugun zato ne, don haka juya makinsu ake yi, 4 ya koma 0, 3 ya koma 1. Duk wannan na kiyaye.

Inda na tafka kuskure shi ne karanta tambayoyin da baki a layin jiran likita, kowa na ji. Ma'anar ta 3 ita ce: in dai abu zai iya lalace mini, to zai lalace. Wata dattijuwa ta ajiye katinta a cinya, ta ce, "Haba ɗana, Allah ya sawwaƙe! Wa zai yi wa kansa mugun baki?" Na kusa da ita suka amsa da amin. Alhali ba a jima ba take gaya mini tunani ya hana ta barci. Daga nan duk layin ya ce bai yarda da maganar ba, haka ta 7 da ta 9. Da aka juya maki, kowa ya taru a sama. In maki bai bambanta ba kuwa, babu wata alaƙa da za ta fito, komai yawan takardu. Sati uku na aiki ya tafi a banza.

Da na sake, ɗaki na nema, mutum ɗaya nake shigarwa. Kafin ta 3 nakan ce, "Baba, ba fata muke yi ba, abin da yake zuwa maka a rai muke tambaya." Sannan na riƙa tara makin 1, 4 da 10 daban, na 3, 7 da 9 daban. Wanda ya cika na biyun bayan an juya maki amma na farkon ya yi ƙasa, tsoron mugun baki ne ya amsa, sai a sake zama da shi.