Lahadi a gidan dambe

Bayan La'asar na bi maƙwabcina kallon dambe a nan bayan garin Abuja. Mun tarar kalangu ya ɗau zafi, ɓangarorin Kudu da Arewa kowa da zugarsa, 'yan ɓangare na uku, Guramaɗa, na gefe suna jiran mai taka su.

Wani yaro, shagon (wato almajirin) wani babban ɗan dambe, da ƙyar in ya cika shekara 20, ya sa zare da wanda ya fi shi nesa ba kusa ba. Ko turmin farko ba a gama ba aka yi kisa, wato aka kayar da yaron, ƙeyarsa ta daki ƙasa. Aka janye shi gefe aka kwarara masa ruwan leda. Da idona na ga ya yi amai. Kafin Magariba sai ga shi ana sake ɗaure masa hannu, wai wani mai kuɗi ya yi alkawarin liƙi in ya rama.

Nan ne wani dattijo, tsohon ɗan dambe, ya miƙe ya doshi sarkin dambe. Hannunsa na dama rawa yake, maganarsa ma da nauyi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ba zai sake shiga yau ba. Ku dube ni, haka aka yi mini." Wuri ya ruɗe. Wasu na cewa Baba ya tsufa ya zama matsoraci, ubangidan yaron na rantsuwa cewa layarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Dattijon bai ja da kowa ba, zama kawai ya yi a tsakiyar fili ya ƙi tashi. Wa zai ɗaga wanda makaɗa suka yi shekaru suna wasa shi? Dole aka kwance zaren.

A damben zamani, wanda aka sumar da bugu a ka sai ya huta aƙalla kwana 30, likita ya duba shi. Mu nan ko akwatin magani ban gani ba. Amma da ni ɗan kallo na faɗi haka, cewa za a yi ɗan boko ya zo ɓata al'ada. Dattijon kuwa ba mai ce masa bai san zafin naushi ba.

A hanya maƙwabcina ya ce dattijon zai ɗanɗana kuɗarsa, ɗan ihsanin da manyan gidan ke masa zai iya yankewa. Har ya kawo Muhammad Ali, da ya ƙi shiga sojan Amurka a 1967 aka ƙwace kambunsa, ya yi fiye da shekara 3 ba a bar shi ya yi wasa ba.

A bakin titi mun ga yaron kan acaɓa bayan ubangidansa. Na tambaya ko asibiti za su. Ubangidan ya ce sai gobe, in kan bai daina ciwo ba.