Wat 15 a gefen mai ganga

Na daɗe ina jigilar amfilifayan jita mai wat 100 zuwa wurin wasa, kan amfilifayan daban, akwati mai lasifika huɗu daban, kuma kusan kullum maganar injiniyan sauti ɗaya ce: "Malam, ɗan rage mana." In rage, ya sake ɗago hannu, har abin murɗa ƙarar ya tsaya tsakanin 1 da 2. A nan kuwa bawul, wato kwalaben gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti a cikin amfilifaya, bai ko motsa jini ba, sai sautin jitar ya fito siriri, salam. Da bayana ya fara ƙorafi, na koma Fender Blues Junior: wat 15, bawul EL84 biyu a ɓangaren ƙarfi, lasifika ɗaya mai inci 12. Da hannu ɗaya ake ɗaukarsa.

Abokan kiɗa suka ce wasa nake yi. Lissafinsu shi ne 100 ta ninka 15 kusan sau bakwai, don haka ƙarar ma haka. Kunne ba haka yake ji ba. Idan aka ninka wat sau biyu, desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 3 kaɗai aka ƙara, za ka lura amma ba zai girgiza ka ba. Kafin kunne ya yarda ƙara ta ninku, sai an ƙara kusan desibel 10, wato an ninka wat sau goma. Tsakanin wat 15 da wat 100, in dai lasifikar ɗaya ce, desibel 8 ne da 'yan kai.

A ƙaramin zaure, da mai ganga mai sassaucin hannu, ban taɓa rasa ƙara ba. Nakan murɗa wajen rabi, kuma a nan ne daɗin yake. In na taɓa tsirkiya a hankali sautin ya fito garau, in na danne ta ya ɗan yi gurnani. Ƙaramin yatsana yana kan abin murɗa ƙara na jikin jitar, in rage lokacin da mawaƙi ke rerawa, in buɗe idan ya ba ni fili. Shekarun da na yi da babban amfilifaya ban samu wannan a kan dandamali ba, domin inda yake fara gurnani babu mai iya zama a ɗakin.

Matsala ta zo ne ranar da muka yi wasa da wani mai ganga da kamar gaba yake yi da fatar, ga mai kibod ya cika ko'ina. Akwai waƙar da ke buƙatar jita tas, ba ƙura. Na ƙara murɗawa, ƙarar ba ta ƙaru ba, kaushin ne ya ƙaru, har sautin tsirkiyoyin ya cuɗe da juna. Bawul ya kai maƙura, ba shi da sauran abin bayarwa, sai dai ya matse sautin. Ana jina sarai, amma ba sautin da waƙar ke nema ba ne. Mai kiɗan bulus ko rok wannan kaushin yake biɗa tun farko. Mai jaz, fank ko sukus, wanda zaren jitarsa dole ya fito ɗaya bayan ɗaya, shi ne wat 15 za ta ba kunya. Ba a banza irinsu ke riƙe da Twin Reverb mai wat 85 duk da nauyinsa ba.

Abin da ya fi canza min lamari kuwa kujera ce. In amfilifaya yana ƙasa, gwiwoyinka yake wa kiɗa. Lasifika mai inci 12 tana harba siraran sautuka ne kai tsaye gabanta kamar hasken tocila, mai zama a layin gaba yana toshe kunne, kai da ke tsaye a kanta kana cewa ba ka ji. Da na ɗora shi bisa kujera na ɗan karkata shi sama, sai na ga har ragewa nake yi. Sannan na rage sautin ƙasa, wanda ke cinye yawancin ƙarfin, ga shi dama filin mai bas ne, na ƙara na tsakiya, inda jita ke ratsa ganguna.

Lasifikar kanta tana da nata rabon. Akwai mai ba da desibel 97 da wat ɗaya a nisan mita ɗaya, akwai mai ba da 100, irin Celestion Vintage 30. Wannan bambancin na desibel uku daidai yake da ninka wat sau biyu.

Inda akwai manyan lasifikun taro, zancen ya kusa ƙarewa. A sa makirufo Shure SM57 daf da ƙyallen gaba, a ɗan kauce wa tsakiyar lasifika don kada sautin ya yi tsini, a turo maka kaɗan ta monita, wato lasifikar da ke fuskantar makaɗa a kan dandamali. Har Fender Champ mai wat 5 da lasifika inci 8 na ara na yi wasa da shi a haka. Ba makirufo kuwa, ganguna sun binne shi tun waƙar farko.

Fili buɗaɗɗe shi ne ba ya tausayi. Babu bangon da zai dawo maka da sauti, kuma duk lokacin da nisa ya ninku desibel 6 ke zubewa. Shi ya sa kafin in amsa gayyata nakan tambayi abu biyu: za a sa wa jita makirufo, kuma wa ke kan ganguna? In babu makirufo kuma mai nauyin hannu ne, sai in nemo Vox AC30 mai lasifika biyu. In ba haka ba, ƙaramin ne, da fis da EL84 biyu na ko-ta-kwana a cikin jaka, domin bawul da ake kora kusa da maƙura kowane dare ba ya jimawa kamar wanda ke hutawa.