Hoton saba ba ya maye gurbin kwafin ajiya

Kula da sabar haya ta VPS, wato kwamfutar da ake haya ta intanet a ɗora shafi a kanta, ya koya mini raba abubuwa biyu da mutane ke yi wa kuɗin goro: hoton saba (snapshot) da kwafin ajiya (backup). Hoton saba yana kama faifan gaba ɗaya yadda yake a daidai lokacin da ka danna. Ranarsa ita ce ranar da za ka taɓa abu mai haɗari, kamar ɗaga Ubuntu, manhajar da ke tafiyar da sabar, zuwa sabon zubi ko canza PHP, harshen da shafin ke aiki da shi. In abu ya cakuɗe, cikin 'yan mintuna ka koma inda ka tashi. Ni ba na fara babban gyara sai na ɗauke shi.

Sai dai hoton nan yana hannun kamfanin da ya ba ka haya, ƙarƙashin asusu ɗaya da sabar. Wanda ya saci kalmar sirrinka zai share su tare. Mu kuma da ke biyan dala da katin naira mun san yadda kati ke ƙin aiki ba sallama. In aka rufe asusu saboda bashi, ba sabar ba hoton.

Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ginin SBG2 na kamfanin hayar saba OVHcloud a Strasbourg ta Faransa. Wasu abokan cinikin suna da ajiya, amma a harabar take, sai ta ƙone tare da asalin. Shi ya sa nake bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi 3, a ma'ajiya iri 2, 1 kuma nesa da gida. Kowane dare cron, manhajar da ke gudanar da aiki a lokacin da aka tsara, yana fitar da kwafin rumbun bayanan shafin da manhajar mysqldump, sai manhajar ajiya restic ta kulle shi da sirri ta tura wani kamfani dabam. Ina fitar da rumbun a ware ne saboda hoton da aka ɗauka ana tsakiyar rubutu yana iya kama shi rabi da rabi.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, a ƙarshen Janairu 2017. Wani injiniya ya share rumbun bayanan da ake aiki da shi bisa kuskure. Da aka waiwayi ajiya, sai aka tarar pg_dump, kayan aikin da ke fitar musu da kwafin rumbun, ya daɗe da daina aiki saboda saɓanin zubi, saƙon gargaɗin kuma ba ya isa ga kowa. Abin da ya cece su hoto ne da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin nan, bayanan waɗannan awoyin kuwa sun tafi.

Saboda haka duk wata nakan hayi ƙaramar saba ta 'yan awoyi, in dawo da kwafin daren jiya a kanta, in shiga shafin in nemi rajistar ƙarshe da aka yi. Sai na gan ta da idona nake share sabar gwajin.